Kada Ki Dawo Gida Haihuwa

Zuwa ga 'yata Zainabu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri gare ki, ke da maigidanki Malam Auwalu, da baƙon da ke kwance a cikinki wata biyar ke nan. Allah Ya kai ku Ibadan lafiya, Ya tsare ku daga sharrin hanya da na direba mai gaggawa, Ya sauke ku cikin mutanen kirki, Ya sa albarka a karatun da za ki ƙaro.

Baffanki Haruna ne zai miƙa miki wannan takarda a tashar Kazaure, tare da wani ɗan buhu. Kada ki kwance buhun sai kin gama karantawa. Ki yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne, kwana huɗu na yi ina kokawa da biro. Na san za ki ce me ya hana ni faɗa da baki ranar da kika zo sallama. To kin san uwarki. In na buɗe baki faɗa ne ke fara fitowa, maganar kirki sai ta biyo baya mutum ya riga ya tafi.

Ranar nan kin riƙe hannuna kin yi mini alkawarin za ki dawo gida goyon ciki, ki haihu a ɗakina, in yi miki wankan jego kamar yadda ake yi wa kowace 'ya a haihuwar fari. Na ji daɗi ƙwarai. Amma wannan takarda na rubuta ta ne don in warware alkawarin nan. Kada ki dawo. Kafin ki ɓata rai, bari in ba ki labarin kurakuran da na tafka, don ki ga inda maganar ta samo asali.

Na shigo gidan nan na tarar ana kiransa gidan kumburi. Ba a gaban idonmu ba, amma a bakin rijiya da wurin biki haka sunansa yake. Kakanki ya rasu cikinsa ya kumbura, idanunsa sun yi ɗorawa. Yayan babanki ma haka ya tafi, ya bar yara ƙanana. Babu namijin da ya taɓa yin furfura a gidan. Ni kuwa na zo da sana'ata ta gyaɗa, wadda na gada wurin uwata: in saya, in ɓare, in soya, in matse mai, in yi ƙuli-ƙuli. Kuma ba yabon kai ba, daga nan har kasuwar Roni ba a samu wadda ta fi ni hannu ba.

Ga yadda nake yi. In za a ɓare gyaɗa, sai in yayyafa mata ruwa, in rufe da buhu ta kwana, don ɓawon ya yi laushi kada ƙwayar ta farfashe. Kowa haka yake yi. In an ɓare sai in baza a faifai in tsince. Manyan nan jajaye masu sheƙi, su ne na kasuwa. Yamutsattsu, da fasassu, da waɗanda suka yi baƙi-baƙi ko suka yi fumfuna, su ne na gida. Da su nake mana miya, da su nake dama kunu, tunkuzarsu kuma ita ce ƙulin da kuke ci. In wani ya ce kunun da ɗan ɗaci, sai in ƙara tsamiya in ce ya sha ya gode wa Allah. Ina alfahari da cewa a hannuna ko ƙwaya ɗaya ba ta zuwa juji. Surukata, kakarki, har yabona take a gaban mutane, wai ta yi dacen suruka mai tattali.

Zainabu, shekara da shekaru ina kai wa baƙin da ban sani ba lafiyayyar gyaɗa, ina ɗura wa mijina da 'ya'yana ruɓaɓɓiya. Tattali na ɗauka nake yi. Wannan shi ne kuskurena na farko. Don haka a gidanki, abin da ya fi kyau shi za ki zuba a tukunyarki. In abu ya lalace, ya lalace, kada ki tsaya yi masa kwalliya da yaji ko tsamiya. Kuma ki lura da halin da mutane suke yabonki a kai, don wani lokacin nan ne ɓarnar take, ba mai gaya miki.

Da babanki ya fara ramewa, yana dafe gefen cikinsa na dama in ya dawo daga gona, na gani sarai. Me na yi? Na ce a raina: ta zo. Jininsu ne, gado ne, ba makawa. Maimakon in tisa shi a gaba zuwa asibiti, sai na shiga jiƙa masa saiwoyin ciwon shawara, wannan ya kawo nasa wancan ya kawo nasa, duk na ɗura masa. Baffanki Haruna ya ce mini, "Yaya Rabi, mu gwada Kazaure mana." Na ce, "Wanne asibiti ne ya taɓa canja wa mutum jinin ubansa?" Sai da ciki ya taso muka ɗauki mota. Likitan ya duba hoton cikin da aka yi masa, sannan ya ce ciwon daji ne a hanta, kuma mun makara. Kina aji biyu a sakandare lokacin. Babanki ya rasu gemunsa baƙi ƙirin, ko sili ɗaya fari babu.

Kwana na Allah ne, ban musa ba. Amma kalmar gado ita na mayar matashin kai na kwanta a kai. Kada ki bari kowa ya rufe miki baki da ita, ko likita ne, ko malami, ko ke kanki. In an ce miki abu gado ne, ki tambaya: wanne ɓangarensa ne gadon, wanne ne kuma hannunmu?

Na san ke kika koya mini wannan, kada ki yi mini dariya. Kin tuna hutun da kika dawo daga makarantar koyon aikin gwaje-gwajen asibiti? Na fito daga ɗaki na tarar kin haƙa rami a bayan turken awaki, kin juye kwano guda na gyaɗar gida a ciki, kina tura ƙasa da ƙafa. Wallahi ban san lokacin da na jefar da muciya ba.

Na ce, "Ke Abu, haukan boko ne ya kama ki? Abincin ne kike binnewa?"

Kika ce, "Inna, wannan ba abinci ba ne, dafi ne."

Na ce, "To ki bai wa awaki mana, 'yar gidan masu kuɗi!"

Kika ce, "In sun ci, a nononsu zai fito, mu sha."

Na ce miki da wannan dafin aka raine ki har kika yi bakin da za ki gaya mini magana. Kwana uku ban amsa gaisuwarki ba. Ke kuwa da taurin kan da ban san inda kika samo shi ba, kullum sai kin zo kin durƙusa kin gaishe ni, ki tashi ki tafi. A rana ta huɗu da hantsi ina tsintar gyaɗa, kika zauna kusa da ni, kika jawo faifan kika sa hannu. Ba ki kawo littafi ba, ba ki yi mini Turanci ba.

Kika ce, "Inna, kin tuna karatun allo? Ai babbaƙu ake fara koya, sannan farfaru."

Na ce, "Sai ki koya mini, tunda ni ban shiga ba."

Kika yi murmushi kika ce jikin ɗan Adam ƙananan ƙwayoyi ne birjik, kuma a cikin kowace ƙwaya akwai rubutu, rabi daga uwa rabi daga uba. Wannan rubutun shi ne ƙwayoyin gado, su ne babbaƙun. A cikinsa aka rubuta yadda hanta za ta yi aikinta, har da yadda za ta wanke dafi. Wani an haife shi hantarsa tana wankewa da sauri, wani a hankali, wannan kam gado ne, ba yadda za a yi da shi. Amma a kan rubutun akwai wasu alamomi, kamar farfaru, su ne ke nuna wa jiki inda zai karanta da ƙarfi da inda zai yi shiru ya wuce. Su alamomin nan, kika ce, abin da mutum ya ci, da yunwar da ya sha, da hayaƙin da ya shaƙa, duk suna iya taɓa su, tun ma yana cikin uwarsa.

Na ce, "To ina ruwan gyaɗata?"

Kika ɗauko guda mai fumfuna kika ɗora a tafin hannuna. Kika ce fumfunar nan tana fitar da wani dafi da suya ba ta kashe shi, tafasa ba ta kashe shi, kuma ruwan nan da nake yayyafawa in rufe da buhu shi ne abincinta. In dafin ya isa hanta, yana iya kankare baƙi guda a cikin rubutun, a daidai wurin da aka rubuta mai gadin da ke hana ƙwayoyi haukacewa su zama ciwon daji. Yana kuma iya birkita alamomin, a yi shiru a inda ya kamata a karanta. Sannan kika ce bayan gado da dafin akwai na uku, wata ƙwayar cutar hanta da ke bin jini, uwa ta ba ɗanta wurin haihuwa, ko aska ɗaya ta zaga kan yara goma. In ita da dafin suka haɗu a hanta ɗaya, aikinsu ya fi na kowanne shi kaɗai muni nesa ba kusa ba.

Kika ce, "Inna, gidan nan ba jini kaɗai muka gada ba. Mun gaji kwano ɗaya, mun gaji aska ɗaya."

Girman kai ya sa na ci gaba da tsintar gyaɗata. Amma da yamma ni da kaina na kwashe ragowar na kai ramin. Abin da nake so ki riƙe a nan shi ne: can inda za ki, za ki zauna da masana, ki koyi manyan kalmomi. In kin dawo gaban irinmu, ki tuna kwana uku kika yi kina da gaskiya ba wanda ya saurare ki, sai ranar da kika sa hannu a faifai. Kuma ki riƙe halin nan naki na cewa "ba a gama ganewa ba" in ba a gama ba. Ranar da na tambaye ki ko kunun da na sha da cikinki ne ya sa kika fito 'yar firit, har yau kike ɗage kai in za ki kalli mutane, cewa kika yi mai yiwuwa ne, amma ba za ki rantse ba. Da na tambaye ki ko alamomin nan suna bin mutum har jikoki, kika ce shi ne abin da ake ta bincike a kai. Wannan rashin cika bakin shi ya sa na yarda da sauran maganarki.

Kuskure na gaba ya fi ba ni kunya. Da kika fara aiki a Kazaure kika ce duk gidan mu zo a gwada jininmu, kowa ya shirya ban da ni. Na ce ni ba jinin gidan nan ba ce, daga Gwiwa aka kawo ni, danginmu har tsufa suke yi su gaji da duniya. Ku je ku 'yan gado. Sai kika aiko mai adaidaita har ƙofar gida, ya ce an ce kada ya dawo sai da ni. Na shiga ina ta mita har muka isa.

Sakamako ya fito. Baffanki Haruna yana da ƙwayar. Ke kina da ita. Ƙanwarki Kulu tana da ita. Ni ma, Rabi mai bakin cewa jininsu ne, ina da ita.

Ko daga babanki na samu, ko da ita na zo daga gidanmu, kin ce ba mai iya sani yanzu. Amma ku biyun, ta hanyata ta fi yiwuwa ta zo muku. Na ninke takardar na tura ƙarƙashin adaka, na ce kada wanda ya ji. Wata biyu na fita sabgar mutane, ko suna ban zuwa. Shekaru ina yi wa dangin mijina kallon masu mugun jini, ina jin kaina tsarkakakkiya a tsakaninsu. Ashe ina ciki tsundum.

Baffanki ne ya fitar da ni daga wannan ramin. Shi da aka ce hantarsa ta fara tabo, aka ɗora shi a kan ƙwayar magani kullum guda, aka ce ya riƙa zuwa hoton ciki duk bayan wata shida, bai ɓoye wa kowa ba. A bakin masallaci yake ba da labari. Ya zo ya same ni ya ce, "Yaya Rabi, da sunan da suka sa mana da wanda likita ya faɗa, wanne ya fi? Na likita ai yana da magani." Na ce ya tashi ya ba ni wuri. Washegari na ciro takardar.

Don haka kada ki ɓoye ciwo don kunya, kuma kada ki yi saurin nuna gidan wani da yatsa. Na yaba miki da kika gaya wa Malam Auwalu tun kafin a kawo kayan gaisuwa. Ni a lokacin cewa na yi kin kori mijinki da bakinki. Sai ga shi ya je an gwada shi, an yi masa alluran riga-kafi, ya dawo da iyayensa. Allah Ya yi masa albarka, ki gaishe shi da kyau, ki ce na ce ya riƙa sa ki kina cin abinci a kan lokaci.

Yanzu bari in ba ki labari mai daɗi, don na gaji da tonon kaina. Ranar Juma'ar da ta wuce baffanki ya shigo gaishe ni bayan an sauko. Yana zaune a kan tabarma rana ta haska fuskarsa, sai na ga wani abu a gemunsa. Na ce, "Haruna, matso." Ya matso. Zainabu, furfura ce! Ba ɗaya ba, ba biyu ba, gefen nan na hagu duk ta feso. Na saki guɗa a tsakar gida, ni da ban yi guɗa ba tun bikinki. Maƙwabta suka shigo da gudu suna tambayar ko haihuwa aka yi. Na ce, "Ku zo ku ga tsoho a gidan kumburi!" Baffanki yana ta kare gemu da hannu yana cewa, "Yaya Rabi, don Allah ki rufa mini asiri," matarsa tana dariya har da hawaye. Ni ma na yi kukan, amma ba irin wanda na saba yi a gidan nan ba. Yau shi ne namiji na farko da ya wuce shekarun ubansa da na yayyensa duka. Ki kalli gemun da kyau in ya miƙa miki takardar nan, aikinki ne da ikon Allah.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Matan unguwarmu yanzu a kan tamfol suke shanya gyaɗa, ba a ƙasa ba. An daina yayyafa ruwa, ko da ƙwayar za ta ɗan farfashe. Wadda ta lalace rami take tafiya. Ni da na jefar da muciya don haushinki, ni ce yau nake zagawa gida-gida ina leƙa faifan mutane, har suna ce mini Malama Rabi mai hana fumfuna, wasu da wasa wasu da haushi, duk ina amsawa. Wanzamin garinmu reza sabuwa yake ɓarewa a gaban uban yaro. Da ya fara gunaguni na ce masa in bai iya ba akwai wani a Roni. Sunan nan na bakin rijiya kuwa ya mutu. Yanzu in baƙo yana neman gidanmu, cewa ake yi gidan su Zainabu ta asibiti.

Saura kuskure ɗaya, shi ne wanda ya sa na ɗauki biro. Lokacin da na haife ki, allurar riga-kafin cutar nan ba ta zo mana ba, wannan ba laifina ba ne. Amma lokacin haihuwar Kulu allurar ta riga ta zo. A ɗaki na haife ta ni kaɗai, ina cije zane don kada a ji muryata, sai da ta faɗo na aika a kira ungozoma, kuma aka yi ta yabona da jarumta. Da hantsi wata ma'aikaciyar lafiya, wata Kirista 'yar kudu mai fara'a da ke zagaya ƙauyuka a kan babur, ta ji labari ta shigo. Ta ce, "Mama, a kawo jaririya yau-yau a yi mata allura, wannan ba ta jiran gobe." Na ce mata a garinmu jariri ba ya ƙetare zaure sai an yi suna. Ta roƙe ni, ta ce to ita za ta je ta ɗauko ta dawo. Na ce ba mai huda mini 'ya da ɗanyen jiki. Daga bakin ƙofa ta ce Allah Ya raya, ta tafi.

Daga baya kika gaya mini cewa allurar nan, in uwa tana da ƙwayar, a cikin yini da kwanan farko take da cikakken ƙarfinta. Bayan nan ƙwayar tana iya riga ta zama. Kwana bakwai na jira don kada a ce na karya al'ada. Kulu kuma za ta yi ta zuwa gwaji iyakar rayuwarta. Ba ta taɓa ce mini komai ba, yarinyar kirki, amma duk ranar da ta shirya za ta asibiti sai na shiga ɗaki na sami abin yi.

To ki lissafa da kanki. Watan haihuwarki zai faɗo tsakiyar marka. Kin san rafin nan da ke tsakaninmu da titi, in ya kawo ko ɗan acaɓa mai ji da kansa sai ya tsaya ya jira ya janye, wani lokacin yini guda. In naƙuda ta zo miki a ɗakina ranar da aka kwana ana ruwa, me zan yi? In tsaya a bakin rafi da jariri a hannu ina kallon ƙetare? Na san za ki ce za ki shirya komai tun da wuri. Na san kuma halinki, don nawa ne. Kina da ilimin da ba ni da shi, amma kunyar nan da kawaicin nan a wurina kika sha su. Za ki ji ciwo ki yi shiru don kada ki tashe ni. Gwaggwanninki za su cika ɗaki kowa da tata maganar, ki kasa musa musu. Mai gaya wa mutane gaskiya a asibiti daban, 'ya a ɗakin uwarta daban.

Saboda haka ki haihu a can, a asibitin da za ki yi karatu kusa da shi. Ki gaya wa likitarki kina da ƙwayar tun zuwan farko, kada ki ce ai ke ma'aikaciya ce kin sani. In sun auna sun ce ki sha magani a watannin ƙarshe, ki sha, kada ki tsallake ko rana ɗaya. Ki sa Malam Auwalu ya tsaya a kansu ranar haihuwa, kada ya je ko'ina, ko kiran 'yan uwa a waya kada ya fara, sai ya ga allurar ta shiga cinyar jaririn da idonsa. Kafin nan kuma ki ci mai kyau, ki ci ganye da wake da ƙwai, ki huta. Ke kika ce mini alamomin nan tun a ciki ake fara ɗora su. To yanzu alƙalamin yana hannunki, ki lura da abin da kike kaiwa baki.

Mutane za su yi magana, na sani. Za a ce 'yar Rabi ta yi boko ta raina ɗakin uwarta. Ki bar ni da su, bakina bai mutu ba. Na daɗe ina mafarkin ranar da zan hura wutar wankanki a tsakar gidan nan, na tara itacen ma tun rani, yana nan jibge a bayan ɗaki. Ba zan ce miki ban ji zafi ba, na ji. Amma sau ɗaya na zaɓi al'ada a kan 'yata, ba zan maimaita a kan jikana ba.

Kuma kada ki ɗauka kin tsira daga ruwan zafina. Ni zan zo. Ni da ban taɓa wuce Kano ba, na riga na sa baffanki ya tambayo mini inda ake shiga motar Ibadan da awa nawa ake yi. Ya ce tafiyar akwai nisa, kuma ba na jin yarensu. Na ce masa wanka da kunu ba su da yare. Ki tanadar mini babbar tukunya, ki kuma gaya wa maƙwabtanki kada su tsorata in sun ji guɗa.

Yanzu sai ki kwance buhun. Gyaɗa ce ta gonarmu, a kan tamfol ta bushe, ruwa bai taɓa ta ba. Ni na ɓare ta da hannuna, na tsince ta sau uku a cikin rana da tabarau a idona. Manyan ne, jajayen nan masu sheƙi, irin waɗanda tun kina yarinya kike miƙa hannu in buge shi in ce na kasuwa ne. Bana ko ƙwaya ɗaya ban kai kasuwa ba. Ki ci, taki ce.

Allah Ya tsare ki a tafiya da zama. Allah Ya sauke ki lafiya, Ya ba ki mai albarka, Ya raba shi da abin da muka ɗauka. Allah Ya jiƙan babanki, Ya kai haske kabarinsa. Wanda ke cikinki kuma, mace ko namiji, Allah Ya ja kwanansa har furfura ta rufe masa kai, jikokinsa su riƙa tsokanarsa da ita. Amin.

Kulu tana gaishe ki, ta ce ki aiko mata hoton gidan.

Ni ce mahaifiyarki,
Rabi